GONAR DA TAFKI YA CINYE, WA ZAI BIYA, DA ME ZA A BIYA?

Wanda ya tashi daga Sakkwato ya bi hanyar Jega, in ya wuce Bodinga ya shiga ƙasar Shagari, ya tambaya, za a nuna masa ruwa kwance a inda dā babu kome sai rafi da gonaki. Wannan shi ne tafkin madatsar ruwa ta Shagari, wadda Gwamnatin Tarayya ta gina a kan Gawon Gulbi ta hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Ruwan nan alheri ne, ba mai musu. Masunta suna samun kifi, dabbobi suna samun mashaya, masu lambu suna jan ruwa da rani. Amma a tuna, ƙarƙashin kowane tafki irin wannan akwai gonar wani. A bakinsa kuma akwai gonar wani dabam, wadda bana ta fito, baɗi ta nutse.

To, a wannan mako maganar da za mu yi ke nan. In ruwa ya zauna a gonar mutum shekara da shekaru, me ya kamata a biya shi, me doka ta ce, kuma me shi manomin zai yi tun ruwa bai iso ba? Maganar ta shafi manomi, ta shafi ɗan kasuwar da ke sayen amfaninsa, ta kuma shafi akawun da za a ba littafi a ce ya rubuta sunayen masu karɓar diyya.

AMBALIYA DABAM, TAFKI DABAM

Da farko sai mu rarrabe abu biyu da jama'a su kan haɗa. Akwai ambaliya, watau ruwa ya taso ya ci amfanin gona na shekara guda, sa'an nan ya janye. Irinta ce ta auku a watan Satumba na 1910 da ɗari, watau 2010, sa'ad da Gulbin Rima ya cika ya batse, ruwa ya kwararo daga madatsar Goronyo, ya shafe gonaki da ƙauyuka a ƙasashen Goronyo da Wurno da Kware da Wamakko, har ya yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Hasara ce babba. Amma da ruwa ya janye, gona ta koma hannun mai ita, wani wuri ma ta fi dā ƙarfi saboda laka da ruwan ya ajiye. Abin da a ke ba mutane a irin wannan hali sunansa gudummawa, watau hatsi da tabarmi da kwanon rufi da iri. Taimako ne, ana godiya.

Tafki kuwa ba ya janyewa. In an datse gulbi ruwa ya hau gonarka, ba damina guda ka rasa ba. Ka rasa daminar bana da ta baɗi da ta baɗin baɗaɗa, ɗanka ya rasa gādo, jikanka ma haka. Abin da a ke biya a nan sunansa diyya, kuma hakki ne, ba kyauta ba ce. Duk wanda ya kawo wa mai irin wannan gona buhun masara ya ce an sallame shi, ya ba shi gudummawa ne a inda diyya ta wajaba.

Bari mu yi lissafi na misali. A ce Malam yana da gonar fadama da ke ba shi buhu 10 na shinkafa da damina, da rani kuma ya dasa albasa. Ruwa ya rufe ta. Aka zo aka ƙiyasta shinkafar da ke tsaye ranar, aka biya shi kuɗin buhu 10. A takarda an biya. Amma bayan shekara 20 buhu 200 ya rasa, ban da albasa, ban da harawa da kara na dabbobinsa. Kuɗin da aka ba shi kuwa bai kai wata shida ba ya ƙare, domin kuɗi ba ya haihuwa a rumbu, ga kuma darajarsa tana zubewa. Kuɗin da ya sayi sa a 1980 yau ba ya sayen kaza.

DARASIN BAKOLORI

Mu mutanen ƙasar Sakkwato ba sai mun je nesa neman misali ba. Tsakanin 1974 da 1978 aka gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara. A lokacin wurin yana cikin Jihar Sakkwato, don sai a 1996 aka cire Zamfara. Wani kamfanin Italiya mai suna Impresit ya yi aikin. Tafkin ya rufe fili kamar eka 20,000, ya tashi mutane wajen 13,000, yawancinsu mutanen ƙasar Maradun.

Waɗanda ruwa ya tasa aka kai su Sabon Maradun, a kan ƙasa mai tsauri wadda ba ta kama ƙafar fadamar da suka bari ba. Waɗanda kuma gonakinsu suka faɗa cikin filin noman rani, aka hana su shuka har damina biyu ko uku, manyan motoci suna baje ƙasa, suna tumɓuke itatuwa, suna shafe iyakokin gonaki. Da aka zo mayar da gonakin, iyaka ta ɓace, wani ya sami ƙasa da nasa, wani ya tarar da sunan baƙo a kan gonar ubansa. Diyya ta yi jinkiri, wadda ta zo kuma ba ta isa hannun kowa da kowa ba.

Manoma suka yi ta kai kuka. Da suka ga ba a ji ba, suka tare hanyoyin aikin. Ran 28 ga Afrilu 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka auka wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Mutanen wurin da masu bincike sun ce ɗaruruwa ne, har wani lissafi ya haura 380. Allah ya ji ƙansu.

Akwai kuma wasu da ba a ko sa sunansu cikin littafin diyya ba, su ne manoman fadamar da ke ƙasa da madatsar. Dā can gulbi ya kan cika kowace damina ya malala cikin fadama, a shuka shinkafa, in ya janye a yi lambu da danshin da ya bari. Da aka datse shi, malalar ta ragu ƙwarai. Wani masani Bature, W. M. Adams, ya bi ƙauyukan nan ya auna, ya ga dubban ekoki na shinkafa da na lambu sun fita daga aiki, mutane sun koma gero da dawa, masunta da yawa sun bar gida. Su ruwa bai ci gonarsu ba, ƙishirwa ce ta ci ta, amma madatsa ɗaya ce ta jawo duka biyu.

Ba mu kawo labarin nan don tada tsohon miki ba. Mun kawo shi ne don a ga inda ɓarakar ta soma. Ba ran 28 ga Afrilu ta soma ba. Ta soma ne ranar da mota ta shiga gona ba a auna gonar ba, ba a rubuta mai ita ba, ba a shirya inda zai koma ba.

ABIN DA AKA GANI A KAINJI

Kafin Bakolori an yi Kainji a kan Kwara, daga 1964 zuwa 1968. Tafkinta ya tashi mutane wajen 44,000 na ƙasashen Borgu da Yawuri, ya haɗiye tsohon garin Bussa ɗungum. Da farko Gwamnati ta ce za ta ba kowa kuɗi ya je ya gina wa kansa. Aka fara biya, sai aka ga aikin ba ya tafiya, ruwa yana matsowa mutane ba su tashi ba. Sai aka sake shawara, Gwamnati ta gina sababbin garuruwa da kanta, cikinsu har da Sabuwar Bussa, aka mayar wa mutane gida a madadin gida. Ginin bai gamshi kowa ba, amma ya fi kuɗi a hannu amfani nesa ba kusa ba. Haka Gana ta yi sa'ad da tafkin Bolta ya tashi mutane wajen 80,000, ta gina musu garuruwa 52.

Darasin a nan shi ne, abin da ruwa ya ci, irinsa ya kamata a mayar. Gida da gida, rijiya da rijiya, gona da gona. Gonar ma sai mai irin ƙarfinta. Wanda aka karɓe wa eka ɗaya ta fadama aka ba shi eka ɗaya ta jigawa, an rage masa arziki ne ana ce masa an yi daidai.

ME DOKA TA CE?

Tun zamanin Shehu Usmanu malamanmu ba su bar maganar ƙasa haka kawai ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a nan Bodinga sa'ad da Shehu ya ke Sifawa, ya wallafa littafi mai suna Ta'alimur Radi a kan hanyoyin da mutum ke samun hakki a kan ƙasa, kamar raya wadda ba ta da mai ita, da hurumin gari da na rijiya. Ashe dai a ƙasar nan sanannen abu ne cewa wanda ya share daji ya raya shi yana da hakkin da ba a shafe shi da baki.

Dokar da ke aiki yau ita ce Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Ta danƙa ƙasar kowace Jiha a hannun Gwamna a matsayin amana. Manomin karkara ba a ce ƙasar tasa ce ba, an ce yana da hakkin zama da aiki a kanta. Sashe na 36 ya tabbatar wa wanda dokar ta tarar yana noman gonarsa da wannan hakki, ko da ba shi da takarda. Sashe na 28 ya ba Gwamna iko ya karɓi ƙasa saboda amfanin jama'a, madatsar ruwa kuwa tana cikin irin wannan.

Ga inda gizo ke saƙa. Sashe na 29 ya ce a biya diyya, amma diyyar abin da ke bisa ƙasar ce, watau gini da rijiya da shuka da itatuwa masu amfani. Ita ƙasar kanta ba a sa mata kuɗi, sai dai a mayar wa mutum kuɗin hayar da ya biya Gwamnati a shekarar, in ya biya. Manomin ƙauye kuwa ba ya biyan irin wannan haya. Saboda haka in an zo ƙiyasi da rani, gonar tudu tana fayau ba kome a kanta, mai ita yana iya tashi hannu wofi.

Amma akwai wani sashe da manoma da yawa ba su san da shi ba. Sashe na 6 ya ce in an karɓi gonar da mutum ke nomawa bisa hakkin gargajiya, wajibi ne Ƙaramar Hukuma ta ba shi wata gona a madadinta don ya ci gaba da noma. Sashe na 33 kuma ya ba da damar a sake wa mutum matsuguni a maimakon kuɗi. In an yi gardama a kan yawan diyya, sashe na 30 ya ce a kai ga Kwamitin Rabon Ƙasa na Jiha. Bayan wannan duka, sashe na 44 na Tsarin Mulki na 1999 ya ce ba a karɓar dukiyar mutum sai da biyan diyya ba tare da jinkiri ba, kuma yana da ikon zuwa gaban shari'a a duba hakkinsa.

Akwai jadawalin da masu ƙiyasi ke dubawa su ga kuɗin kowace shuka da kowace itaciya. Na Gwamnatin Tarayya ya yi shekara fiye da 15 ba a taɓa shi ba, sai a 2024 aka sabunta shi. Wanda za a yi wa ƙiyasi ya tambaya da jadawalin wace shekara a ke aiki, domin tsohon jadawali da sabon farashin kasuwa ba su taɓa haɗuwa.

In kuma aikin da rancen Bankin Duniya a ke yinsa, kamar gyaran Bakolori da aka yi a 'yan shekarun nan, bankin yana da nasa sharaɗi wanda ya fi dokarmu sauƙi ga manomi. Ya ce a biya abin da zai isa mutum ya sami kwatankwacin abin da ya rasa, a fifita ba da gona a kan ba da kuɗi ga wanda noma ne abincinsa, kuma a gama biya kafin a tashe shi. Don haka yana da kyau a tambaya tun farko, kuɗin wa a ke aikin da shi?

GONAR BAKIN RUWA

Yanzu sai mu zo ga wadda ta fi wuya, kuma ita ce ta fi shafar mutanen bakin tafkin Shagari da masu gonaki kusa da tafkunan fadamar Bodinga. Tafki ba shi da iyaka ɗaya. Ƙarshen damina ya cika ya hau, da bazara ya ja baya. Shekarar ruwa da yawa ya wuce inda ya saba. Bugu da ƙari, kowace shekara rafuka suna zubo yashi da laka cikinsa, cikinsa yana cikewa, ruwan da dā zai zauna a zurfi sai ya bazu a gefe. Ta haka gonar da aka ce tana waje ranar ƙiyasi ta kan wayi gari cikin ruwa bayan shekara 10.

Mai irin wannan gona ya faɗa tsakani. Ba a karɓi gonarsa ba balle a biya shi, ba a kuma bar masa ita ba. In ya shuka gero ruwa ya ci. In ya ƙi shukawa, shekarar ruwa bai zo ba, ya yi hasarar damina a banza. In ya nemi sayarwa ba mai saye, in ya nemi jinginarwa ba mai karɓa. Inshorar amfanin gona, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa wa hukuma, tana biyan shukar shekara ga wanda ya shiga, ba ta biyan gonar da ta zama gidan ruwa.

Waɗansu ƙasashe sun samo wa wannan dabara. A Amurka hukumar da ke gina madatsu ta kan auna iyakar da ruwa zai iya kaiwa a shekarar cika, ta sayi izinin malala ruwa a kan gonakin da ke ciki. Gona tana nan hannun mai ita, yana noma ta duk sa'ad da ruwa ya janye, amma an biya shi saboda kasadar da aka ɗora masa. A ƙasar Sin kuwa, bayan sun ga biya sau ɗaya ya bar miliyoyin mutane cikin talauci, a 2006 suka kafa doka cewa duk wanda babbar madatsa ta tasa daga ƙauyensa za a riƙa ba shi yuwan 600 kowace shekara har shekara 20, kuɗin kuwa daga cikin kuɗin wutar lantarki a ke cire shi. Kuɗin ba shi da yawa, amma hikimar a fili ta ke. Hasarar da ke dawowa kowace shekara, biyanta ma ya riƙa dawowa kowace shekara.

Mu ma a nan Nijeriya an ɗan taɓa irin wannan. A 2010 aka yi dokar kafa hukumar raya yankunan da ke da madatsun lantarki, don mutanen bakin Kainji da Jebba da Shiroro, ko da ya ke sai bayan shekara 10 ta fara aiki. Amma madatsun noman rani irin na Shagari da Goronyo ba lantarki aka gina su dominsa ba. Nasu maganin sai a neme shi cikin ruwan kansa.

Ga shawararmu. Duk inda aka yi tafki aka kuma shirya filin noman rani a ƙasansa, waɗanda ruwa ya ci gonakinsu su ne ya kamata su fara samun fuloti, kafin ma'aikaci, kafin attajiri. A sassauta musu kuɗin ruwa na waɗansu shekaru. Ƙasar da ruwa ke janyewa ya bari da rani, wadda danshinta ke fid da dankali da kankana da wake da masara, a rubuta cewa hakkin nomanta na masu gonakin asali ne. A kuma ba 'ya'yansu hanya su shiga kamun kifi. In an yi haka, tafkin da ya ci gonar shi ne zai riƙa biyan diyyarta, ba sai an jira baitulmali ba.

HASARAR DA BA A RUBUTAWA

Littafin diyya suna ɗaya ya kan ɗauka a kan kowace gona, alhali masu ci daga gonar sun fi ɗaya. Akwai wanda ya karɓi aro, da mai haya, da wanda ya ba da kuɗinsa ya riƙe jingina. Akwai matar da ke da gayauna a gefen gandu, da tsohuwar da ɗorawa biyu da kuka ɗaya ke ciyar da ita. Akwai marayu da 'yan'uwa mata waɗanda gādonsu ke hannun babban wa ba a raba ba. Akwai Bafillacen da burtalinsa ya nutse, wanda in ya kewaya sai ta cikin gonar wani, rigima ta tashi. Duk waɗannan in ba a rubuta su ranar ƙiyasi ba, ba za a tuna da su ranar biya ba.

Akwai kuma hanya. Inda ruwa ya raba ƙauye da gonakinsa ko da kasuwarsa ko da dajin da ya ke samun itace, sai mutane su koma shiga kwalekwale. Ba wanda ya manta da watan Afrilu na 2022, sa'ad da jirgi ya kife a ruwan Shagari da mutanen Gidan Magana, rai 29 suka salwanta, yawancinsu yara da matasa. Gada ko jirgi mai lafiya da rigunan ruwa suna cikin abin da ya kamata a lissafa tun ranar da a ke lissafin siminti.

Ɗan kasuwa kada ya ce ba ruwansa. Ƙauyen da ya rasa fadamarsa ya daina kawo shinkafa da albasa, ya daina sayen atamfa da gishiri, bashin da ke kansa kuma sai a hankali. In an zaunar da manomi a gona mai kyau, ciniki ya zauna.

ABIN DA MANOMI ZAI YI

Na ɗaya, ka san girman gonarka. Ka nemi malamin gona ko mai awo ya auna ta, a rubuta. Yanzu wayar hannu ma tana awon fili, yaran gari sun iya. A rubuta maƙwabtanka na gabas da yamma da kudu da arewa, mai unguwa da hakimi su sa hannu. In da hali ka nemi takardar hakkin gargajiya daga Ƙaramar Hukuma.

Na biyu, ka ƙidaya itatuwanka, ɗorawa da kuka da tsamiya da giginya da mangwaro, kowanne da girmansa. Ka ɗauki hoton gonar da damina tana kore, da kaka kuma a ɗauki hoton dammuna. In masu ƙiyasi suka zo da rani, hoton ne zai yi maka shaida.

Na uku, ku raba gādo, ko ku rubuta rabon kowa. Kuɗin diyya ya raba zumunci a gidaje da yawa.

Na huɗu, ranar ƙiyasi ka tsaya a gonarka da kanka. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. Ka nemi a ba ka kwafi. In an ce kuɗin ƙauye a dunƙule za a ba shugaba, doka ta yarda da haka a kan ƙasar da ta ke ta jama'a, amma ku nemi a karanta jimla da sunaye a bainar jama'a.

Na biyar, masu gonakin bakin ruwa ku kafa turaku a inda ruwa ya tsaya kowace shekara, ku rubuta shekarar da abin da ya ci. Littafin shekara biyar a jere ya fi kukan baki na shekara 20 ƙarfi a gaban hukuma. Ku nemi hukumar madatsa ta nuna muku iyakar cikar ruwa da ke cikin taswirarta, ta kafa duwatsu a kanta kowa ya gani.

Na shida, ku tafi a ƙungiya. Ku rubuta kukanku, ku bi ta hannun uban ƙasa da Ƙaramar Hukuma zuwa ga hukumar da ta yi aikin, ku ajiye kwafin kowace takarda da ranar da aka karɓe ta. In ba a amsa ba, akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda ba ta karɓar ko kwabo, bayanta kuma akwai kotu. Kada a yi jinkiri, domin ƙara a kan hukuma tana da wa'adi. Kada kuma a ɗauki doka a hannu.

Na bakwai, in an ba ka zaɓi tsakanin kuɗi da gona, ka je ka ga gonar da idonka, ka tona ƙasarta, ka tambayi zurfin ruwanta. In mai kyau ce, karɓi gona. In kuwa kuɗi ne dole, kada ya kwana uku a gida. Mayar da shi ƙasa ko shanun huɗa ko injin ban ruwa, kafin biki da babur su gan shi.

GA MALAMAN OFIS

Ku kuma akawuna da masu awo, alƙalamin da ke hannunku ya fi galma nauyi. Suna ɗaya na ƙarya da aka cusa cikin littafi, abincin gida guda ne aka kwashe. Ɗorawa ɗaya da aka manta, daddawar wata tsohuwa ce ta shekara 30. Ku auna da damina in da hali, ku karanta wa mutane abin da kuka rubuta da Hausa, ku liƙa sunaye a ƙofar hakimi mako biyu kafin biya, don mai gyara ya kawo gyara.

Ƙasarmu tana bukatar ruwan rani, damina wata uku zuwa huɗu ba ta ciyar da jama'ar da ke ƙaruwa kullum. Za a ci gaba da gina madatsu, za a kuma yashe tsofaffi a ɗaga su. Abin da mu ke roƙo shi ne, in za a yi lissafin aikin, a sa kuɗin zaunar da masu gonaki a layi ɗaya da kuɗin ƙarfe da siminti, a kuma gama da su kafin a rufe ƙofar ruwa. Wanda ya ba da gonarsa don dubu su sha, bai kamata ya zama shi ne mai kwana da yunwa ba.

Manoman Bodinga da Shagari, kaka ta kusa, iyakar ruwan bana tana nan ba ta goge ba. A fita da turaku da littafi tun yanzu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu da ruwan ɓarna, amin.